Kawu da Jirgin da Bai Ga Tashinsa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu. Kafin in ce komai, ina so mai karatu ya san cewa wasu abubuwan da zan faɗa sun daɗe da faruwa, kuma ni ba mai kaifin tunawa ba ne. Akwai maganganun da har yanzu nake jin su da muryarsa, amma ba zan rantse cewa haka ya jera kalmomin ba. Akwai kuma abin da ban gani da idona ba. Inda haka ta faru zan ce an faɗa mini ne. Na yi ta ɗaga wannan rubutu don tsoron kada in ƙara masa abin da bai yi ba, ko in rage masa. Abin da na ji a zaman makoki shi ya zaunar da ni.

An yi zaman a gidansa na unguwar Sedgefield, a garin Greensboro na Amurka, maza a falo da gareji, mata a ciki wajen Anti, matarsa. Kowa ya zo da nasa labarin. Wani ya ce Kawu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya iso ƙasar nan da silifa a tsakiyar sanyi. Wani ya ce shi ya koya masa tuƙi a titin Wendover, yana ta taka birkin da babu shi a gefen fasinja. Wata baiwar Allah daga Maraɗi ta aiko a faɗa cewa lokacin da mijinta ya kwanta asibiti, Kawu ne yake kai yaranta makaranta, kuma bai taɓa shiga gidan ba, a mota yake jira. Iya sanina duk gaskiya ne.

Sai wani ɗalibi da bai daɗe da zuwa ba ya sunkuyo ya tambaye ni a hankali, "Wai aikin me marigayin yake yi ne? Na ji an ce na'urorin asibiti."

Ban kai ga amsawa ba Alhaji, aminin Kawu, mutumin zangon Kumasi wanda ya fi kowa daɗewa da shi a garin nan, ya ce, "E, na asibiti." Ya miƙe ya fita waje. Malam, limaminmu, mutumin Damagaram, ya ce da ɗan Faransancinsa, "Bon, a yi masa fatiha." Aka ɗaga hannu. Alhaji bai yi ƙarya ba, shekarun Kawu na ƙarshe a wannan aikin ya yi su. Amma da na shiga kicin ɗauko ruwa, babbar 'yar Kawu ta tare ni. Ta ce mini da Turanci, don da shi take yin fushi, tun safe take saurare babu wanda ya ambaci jirage ko sau ɗaya, kamar ubanta bai taɓa yin aikin da ya fi so ba. Na ce mutane suna jin nauyi ne. Ta ce nauyin me? Ban iya amsa mata a tsaye a kicin ba. Ga amsar, gwargwadon abin da na sani.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a Funtuwa aka haife su. Ya zo Amurka karatun injiniya tun ina ƙarami, ya zauna, ya zama ɗan ƙasa. Ni na iso Greensboro a ƙarshen shekarun saba'in don digiri na biyu, ya ba ni ɗakin da ke saman gareji. A lokacin yana aiki da wani kamfani gabas da gari, ta wajen McLeansville, inda ake haɗa na'urorin awo da ake sanyawa a jikin sababbin jiragen yaƙi, irin waɗanda ake ƙerawa don gwaji kafin soja su ce suna so ko ba sa so. Ba a nan ake tayar da su ba. Can yamma ne cikin hamada, kuma lokaci-lokaci Kawu yakan ɗauki jakarsa ya tafi ya yi makonni.

A makon farko ya zaunar da ni ya ce, "Abu biyu ba za ka tambaye ni ba: ina za ni, da yaushe. In ka tambaya ba zan yi maka ƙarya ba, shiru zan yi, kuma shirun zai yi mana nauyi mu biyu." Ya gaya mini aikinsa na sirri ne, izini ake ba mutum kafin ya shiga, kuma ana iya karɓe izinin. Ya ce ya kai sunana ofishin tsaro na kamfanin, tunda ni ba ɗan ƙasa ba ne kuma ina kwana gidansa. Na daɗe ina jin kamar ana leƙena ta taga.

Abin da ke cikin littattafan makaranta kuwa yakan bayyana mini. Wata rana muna kan babbar hanya ya ce in ciro wani kwali daga ƙarƙashin kujera, in riƙe shi a kwance ta wajen taga. Ya fara ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Da farko kwalin lafiya. Can na ji yana ɗan motsi a yatsuna, kafin in buɗe baki ya kama kaɗawa da ƙarfi, ya yage, iska ta tafi da rabinsa. Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Haka fiffiken jirgi yake yi in an wuce da shi gudun da zai iya ɗauka," in ji shi. "Sai dai shi ba ya ba ka lokacin dariya. Ka ji ɗan motsin nan na farko?"

Na ce na ji.

"To, shi nake nema."

Yadda na fahimta, kuma mai yiwuwa na fahimta a karkace, in jirgin gwaji yana sama Kawu yana wani ɗaki a ƙasa. Na'urorin da ke jikin fiffike suna aiko da abin da suke ji, wasu allurai suna zana shi layi-layi a kan doguwar takarda mai gudu. Matuƙin zai ƙara gudu kaɗan, ya ɗan girgiza jirgin da gangan, Kawu ya duba ko girgizar ta mutu nan take ko ta ɗan daɗe. In ta daɗe, zai ce a tsaya ta oba-oba, matuƙin kuma ya rage gudu ba tambaya. Sau ɗaya ya ce mini, da ɗan jin kunya, ko janar ne a ɗakin a wannan lokacin maganarsa ce take tafiya.

Ina jin aikin ne ya shiga masa cikin magana. Ba ya cewa abu lafiya lau. In an tambaye shi yaya mota, sai ya ce, "Ta kawo ni." In Anti ta ce ya ɗanɗana mata miya, sai ya ce, "Cokalin da na sha gishirinsa daidai ne." Ita kuma ta ce, "Sauran tukunyar sai an kafa kwamiti ke nan." Kalmarsa ta kullum ita ce, "Iya inda aka gwada." Yaran gidan suna kwaikwayonsa da ita a bayan idonsa, da Hausarsu ta 'yan Amurka.

Kowace Lahadi ana tuwo a gidan, kuma ba a gayyata, zuwa ake yi. A nan ne wata rana Malam ya tsokane shi a gaban mutane. Ya ce, "Injiniya, ka san abin nan da kuke ƙerawa ba alhazai zai ɗauka ba ko?" Aka yi dariya. Kawu ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce, "Ni mutum ɗaya aka ba ni, wanda yake ciki." Malam ya ce, "Waɗanda ke ƙasa fa?" Kawu ya ce, "Ban da amsar wannan, Malam. Ina nema." Bai yi fushi ba, kuma ban taɓa jin ya ce ya samu amsar ba. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka hankalinsa kwance yake da aikin ta kowace fuska.

Mutum ɗayan nan da yake nufi wani matuƙi ne da suka daɗe suna aiki tare. Bai taɓa faɗa mana sunansa ba, "mutumina" yake ce masa. Abin da muka sani kawai, yana son kamun kifi, yana da 'ya'ya mata kamar Kawu, kuma kafin ya hau jirgi yakan tambaya wa ke gaban takarda yau.

Abin da ya faru ya faru ne a farkon shekarun tamanin. Ina jin zafi ya fara sauka, don yakuwar da Kawu ya shuka a bayan gida ta riga ta yi ja. Ya yi watanni yana fita aiki har Asabar da Lahadi. Gyambon cikinsa ya tashi, abinci sai ya taɓa ya ture. Wata yamma muna kan tebur Anti ta matsa masa. Ta ce, "Ka ci mana. Sai ka ce yau ka fara tafiyar nan."

Ya ce, "Wannan daban ne. Wannan jirgin bai taɓa barin ƙasa ba." Ya ƙara da cewa, "Ki sa mu a addu'a mako mai zuwa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina wurin. A duk zamana da shi ban taɓa jin ya saki magana irin wannan ba, kuma ina ganin gajiya ce.

Anti ta yi abin da kowace macen kirki ta wajenmu za ta yi. Bukatar da ta hana maigida cin abinci ba ta addu'ar mutum ɗaya ba ce, mutane ake tarawa. Ta buga wa Malam waya ta ce tana son a yi saukar Alƙur'ani ranar Lahadi. An faɗa mini Malam ya tambaye ta me za a roƙa, kamar yadda aka saba, don ba a tara masu karatu a ɓoye musu bukata. Ta gaya masa abin da ta ji. Ta kuma nemi layin gida, Funtuwa, ta bar wa mahaifiyata saƙo a shagon da ke da tarho a unguwarmu. Ba ta gaya wa Kawu ba, don ta san zai ce kada a wahalar da mutane.

Litinin Kawu zai tafi can yamma, hamada. Ranar Lahadin ya tafi ofis da safe, ni kuma na tafi laburare. Da na dawo bayan azahar na tarar motoci sun cika gefen titi har kusa da filin golf na unguwar. An raba izu-izu, an kusa gamawa. Na samu wuri kusa da ƙofa na zauna, a zatona addu'ar tafiya ce kawai. Malam ya ɗaga hannu ke nan Kawu ya shigo, takalmansa a hannu.

Wanda ya san Malam ya san ba ya addu'a a ciki-ciki. Ya ce, "Ya Allah, sabon jirgin nan da bawanKa ya sha wahala a kansa, wanda za su tayar a makon nan a hamada, Ka tayar da shi lafiya, Ka dawo da shi ƙasa lafiya, Ka tsare wanda yake cikinsa." Falo ya ɗauki amin, mata suka amsa daga ciki.

Ni na fi kowa kusa da Kawu, kuma na ga fuskarsa. Ba zan iya kwatanta ta ba. Ya ajiye takalman a hankali, ya ɗaga hannuwansa, na ga leɓensa ya ce amin.

Da aka shafa, wani ɗalibi ya jawo yayansa ya gabatar da shi. Hafsan sojan sama ne daga gida, yana kwas a wata jiha, ya zo hutun ƙarshen mako, ƙanensa ya taho da shi cin tuwo kamar yadda kowa ke tahowa da baƙonsa. Ya durƙusa ya gaishe da Kawu, fuskarsa cike da murna. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe akwai namu a ciki! Na tambayi Hajiyar gidan ta ce ita dai ta san ƙarfe ne. Injinsa ɗaya ne ko biyu?"

Ban yi tsammanin da wata manufa ya tambaya ba. Alfahari ne irin na ɗan gida. Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Ya kai shi har gaban faranti, ya zuba masa da kansa.

Bayan la'asar, mutane suna ci, ya kira ni da Alhaji bayan gida wajen yakuwa. Ya ce mini, "Gobe ba filin jirgi za ka kai ni ba. Ofishin tsaro za mu."

Alhaji ya ce, "Ka je ka ce musu me? An yi maka addu'a?"

"In ce musu magana ta fita daga bakina a gidana, ta shiga kunnen mutane da yawa, har da sojan wata ƙasa."

"Cale, abokina, da Hausa aka yi ta! Wane Bature ne a Sedgefield yake jin Hausa? Ko karen maƙwabcinka ne zai kai rahoto?"

"Ni ina ji," in ji Kawu.

Alhaji ya sassauta murya. Ya ce, "Ka san in ka faɗa cire ka za su yi har sai sun gama bincike. Gyambon cikinka na jirgin nan ne. Ka tafi gobe, ka zauna gaban takardarka, ka dawo da mutuminka ƙasa. In ka dawo, ka je ka gaya musu har sunan ragon da aka yanka ranar sunanka. Me zai lalace kafin nan?"

A raina na goyi bayan Alhaji, kuma ina ganin Kawu ma maganar ta shige shi, don ya daɗe yana tsinkar ganye yana yarwa. Daga ƙarshe ya ce, "Abin da ya sa mutumin nan yake rage gudu in ya ji muryata, ya san ban taɓa ganin abu na yi shiru ba. In na ɓoye wannan don ina ganin ƙarami ne, ranar da allura ta ɗan motsa ma zan ce ƙarami ne."

"In wanda aka sa a kujerarka bai gani ba fa?" in ji Alhaji. "In fiffiken ya tafi da shi? Sai ka je ka gaya wa 'ya'yansa kai mai gaskiya ne?"

Kawu ya ci gaba da tsinkar ganye. Alhaji ya jira, ya jira, sannan ya bi ta gefen gida ya shiga motarsa, bai ko yi wa Anti sallama ba. Kawu ya juyo ya ce mini, "Antinka ba ta yi komai ba sai abin da uwarka za ta yi. Ni na yi magana. Ba na so in ji wani ya gaya mata wani abu daban."

Washegari na kai shi, jakar tafiyarsa a but ɗin mota. Na jira a wurin ajiye motoci. Kafin azahar ya fito, babu katin da yake maƙalawa a ƙirji. A gida ya ce wa Anti an ɗaga tafiyarsa. Ta ce, "Jirgin fa?" Ya ce, "Yana nan." Ta ce, "Ka ga amfanin addu'a, Allah ya hutar da kai." Ina jin a ranar ta faɗi haka, amma mai yiwuwa bayan kwana biyu ne.

Masu bincike biyu masu kwat suka fara yawo. Sun same ni a jami'a, na amsa musu ina tunanin bizata. Sun sami Malam a sito ɗin da yake aiki a Wendover, kuma an faɗa mini ya gaya musu shi har manyan motocin sito yake yi wa addu'a in za su tafi. Sun zo gida, Anti ta ba su shayi da cincin. Ta saba da zuwan irinsu, don duk bayan 'yan shekaru sukan zo su yi tambayoyi a kan Kawu. Sun tambaye ta su wa suka zo ranar Lahadi, ta lissafa musu wanda ta tuna. Sai kuma labari ya iso daga Funtuwa cewa mahaifiyata ta soya waina ta yi sadaka, duk layinmu an san jirgin yayanta zai tashi a Amurka. Kawu ya koma ofishin ya gaya musu wannan ma. Hafsan nan kuwa na ji an yi masa tambayoyi a inda yake kwas. Ban san yadda ta ƙare masa ba, kuma ina yawan tunaninsa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi wuya da na gani a gidan. Tunda an karɓe izininsa, babu wanda doka ta yarda ya gaya masa komai. Bai san ko an ɗaga tashin ba, bai san ko an yi ba. Ya san dai da safiyar can ake gwaji, kuma safiyarsu hantsinmu ce. Don haka daga hantsi zuwa azahar yakan jawo kujera kusa da tarho a baranda ya zauna. In zama ya gagara ya fita wajen yakuwa, ya bar ƙofar baya a buɗe don ya ji ƙara. Masu golf suna wucewa a 'yan motocinsu suna ɗaga masa hannu, yana ɗaga musu. Na lura babban yatsansa yana ta goga sauran yatsun, kamar mai jan takarda. Ni ma na daina zuwa laburare da safe, ban san dalili ba, babu abin da zan iya yi masa.

Wata rana ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Kana ganin Alhaji ya yi gaskiya?"

Na ce ban sani ba, Kawu.

Ya ce, "Ni ma." Sannan ya ce wanda yake zaton za a sa a kujerarsa yaro ne mai ido, shi ya koya masa aikin. "Sai dai yana jin nauyin manya. In ɗakin ya cika da masu tauraro a kafaɗa, ina tsoron zai ƙara duba layin sau ɗaya kafin ya yi magana." Ban taɓa jin Kawu ya ce yana tsoron abu ba sai ranar.

Tarhon ya yi ƙara wata rana bayan azahar, lokacin Kawu ya tashi daga kujerar ya tafi alwala. Ƙaramar 'yarsa ta ɗauka, ta ƙwala masa kira da Turanci wai wani mutum yana nemansa. Ya fito hannunsa da ruwa. Ina kan matakala, kuma ba abin da na ji daga bakinsa sai "e" da "to", da 'yar dariya sau ɗaya. Da ya ajiye, ya sulale ya zauna a ƙasa, bayansa jikin bango.

"Mutumina ne," in ji shi. "Labarin kifi yake ba ni. Wai motar 'yarsa ta lalace."

Ba su ambaci jirgi ba ko da kalma ɗaya. Kawu ya ji muryarsa, kuma hakan ya ishe shi. Ya tashi ya sake alwala, ya yi nafila, ya ce wa Anti ko akwai sauran tuwon jiya. Daga baya jaridu suka buga hoton jirgin yana sama. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini.

Binciken ya ɗauki watanni. Iya abin da na sani, ba a tuhume shi da laifi ba, ba a kore shi ba, an ma yaba masa da ya kawo kansa. Amma ba a mayar da shi aikin gwaji ba. Alhaji ya gaya mini daga baya cewa an nuna wa Kawu, a fakaice, in ya rage yawan baƙi 'yan ƙasashen waje a gidansa za a iya sake duba maganar. Kawu bai taɓa faɗa mini haka ba, saboda haka ba zan tsaya a kai ba. Abin da na gani shi ne tuwon Lahadi bai tsaya ba ko mako ɗaya. An mayar da shi sashen da ke haɗa na'urorin auna bugun zuciya. In an tambaye shi yakan ce layi ai layi ne. Ban gamsu ba, amma wannan zatona ne.

Alhaji ya yi makonni bai tako gidan ba. Wata Lahadi sai ga shi da buhun doya a kafaɗa. Ya ce wa Kawu, "Miyar Hajiya na zo ci, ba kai na zo gani ba." Kawu ya ce, "Zauna, kujerarka babu wanda ya gwada ta." Suka ci gaba kamar da. Amma ba su taɓa daidaita kan maganar ba. Bayan makoki na je na same shi, ya ce mini, idonsa da hawaye, "Har gobe ina cewa ya yi kuskure. Allah ne kawai ya rufa asiri." Ni ban isa in raba wannan gardama ba. Wani lokaci ina ganin Kawu ne daidai, wani lokaci in tuna yatsan nan nasa yana goga iska a baranda.

Malam kuwa ya gane abin da ya faru tun ranar da masu kwat suka same shi, kuma ya daɗe yana sunkuyar da kai in sun haɗu. Kawu ne ya warware masa. Lokacin da ciwon da ya zama ajalinsa ya fara, shi da kansa ya nemi a yi sauka. Malam ya matso kusa, murya ƙasa-ƙasa kamar ba shi ba, ya ce, "Injiniya, me za mu roƙa?" Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ka ce Allah ya biya bukata, Malam. Shi ba sai an yi Masa bayani ba." Malam ya yi dariya har ya share ido da hannun riga.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya saka masa da ƙofar da ya bari a buɗe.

Yanzu ga roƙona. Kaɗan na buga na wannan rubutu, kuma waɗanda suka zauna a falon ranar Lahadin nan kawai na ba. Duk wanda ya ga na sa magana a bakin da ba shi ya faɗe ta ba, ko na gabatar da abin da ya zo daga baya, don Allah ya gyara mini. Ya same ni bayan sallar Juma'a, ko ya aiko ta hannun Malam. Ba zan ji haushi ba, godiya zan yi.

Akwai kuma abu ɗaya da ya fi duk waɗannan damuna. Ban sani ba ko Anti ta san abin da saukar nan ta jawo. Alhaji ya rantse ba ta sani ba, ya ce Kawu ya tafi da shi a cikinsa. Babbar 'yarta, da na ba ta labarin, ta ce uwarta ba ta da saurin magana ne kawai, ba ta yarda mace za ta lissafa wa masu kwat baƙinta ta kasa haɗa ɗaya da ɗaya ba. Anti tana takaba, kuma ba zan iya zama gabanta in yi mata wannan tambaya ba. Idan akwai wadda ta taɓa jin ta ambaci maganar, ko da a fakaice, ta taimake ni ta aiko mini. In ta sani, zan kai mata wannan da hannuna in karanta mata. In ba ta sani ba, zan bi ku ɗaya-ɗaya in karɓi takardun, don Kawu ya ce mini ba ya so a gaya mata, kuma bai janye ba har ya rasu. Kafin in ji daga gare ku, don girman Allah, kada wanda ya shiga da wannan rubutu gidan Sedgefield.